Fashin Baƙi: Kifin Sitajin Ya Tsira Ne, Ko Da Sauran Rina A Kaba?

A watan Afrilun 2024 Hukumar Kula da Kifi da Namun Daji ta Amurka ta sanar da cewa kifin sitajin na tafki ba ya buƙatar shiga jerin halittun da dokar tarayya ke bai wa kariya ta musamman saboda fargabar ƙarewarsu. Shekara biyu kafin nan, a 2022, Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, wato IUCN, ta sanya wannan kifi ɗin dai a rukunin waɗanda ke cikin haɗarin ɓacewa. A tsakanin waɗannan hukunce-hukunce biyu kuma, duk watan Fabrairu mutane sama da dubu goma ne ke yankar lasisi a jihar Wisconsin domin su hau kan ƙanƙarar Tafkin Winnebago su soke shi da mashi, kuma hukuma ce da kanta ke shirya abin.

Wanda ya ji waɗannan labarai uku a jere dole ya ɗaure kai. Idan kifin yana cikin haɗari, me ya sa ake farautarsa? Idan kuwa ya farfaɗo, me ya sa yawancin jihohin da yake rayuwa a cikinsu suka hana a taɓa shi? Amsar tana cikin abu biyu da ba kasafai ake kawo su a gajeren labari ba: irin jinkirin da ke cikin rayuwar kifin, da kuma bambancin da ke tsakanin wannan kogi da wancan.

Wane irin kifi ne wannan?

Masana kimiyya suna kiransa Acipenser fulvescens, kuma gidansa ruwan daɗi ne na Arewacin Amurka: Manyan Tafkuna biyar da ke yankin iyakar Amurka da Kanada, da Kogin St. Lawrence, da kogunan da ke malala zuwa Tekun Hudson, da kwarin Kogin Misisipi. Danginsa sun daɗe a duniya ƙwarai, domin suna nan tun zamanin manyan dabbobin da ake kira dinoso, kuma siffarsu ba ta sauya sosai ba. Yawancin ƙashin jikinsa guringuntsi ne. Maimakon irin ɓawon da aka saba gani a jikin kifi, yana da layi biyar na faranta masu tauri kamar sulke, waɗanda ke da kaifi lokacin yana ƙarami, su dakushe idan ya tsufa. Bakinsa a ƙasan kai yake, ba shi da haƙora, yana miƙo shi kamar bututu ya zuƙo abinci daga ƙasan ruwa, bayan ya lalubo shi da gashin baki guda huɗu irin na tarwaɗa. Abincinsa tsutsotsin ƙwari ne da dodon koɗi da matsattsaku da sauran ƙananan halittun cikin laka.

Girmansa kan kai na giwan ruwa, wani lokaci ma ya ɗara. A watan Afrilun 2021 ma'aikatan Hukumar Kula da Kifi da Namun Daji ta Amurka sun kama wata mace a Kogin Detroit mai tsawon mita biyu da ɗoriya da nauyin kilo 109, suka auna ta, suka sa mata alama, suka mayar da ita ruwa. An ƙiyasta cewa ta haura shekara ɗari. Ana gane shekarun kifin ne ta hanyar yanko ɗan siririn yanki daga ƙayar fiffikensa na gaba, a ƙirga zoben da ke ciki kamar yadda ake ƙirga na kututturen itace.

A nan ne tushen matsalar yake. Namiji yakan kai shekara goma sha biyar ko kusa da haka kafin ya balaga, mace kuwa sai ta yi shekara ashirin zuwa ashirin da biyar kafin ta zuba ƙwanta na farko, kuma daga nan ba duk shekara take yi ba, sai bayan shekara huɗu ko fiye. Idan lokacin ya zo, tsakanin Afrilu da Yuni bayan ƙanƙara ta narke, kifayen sukan baro tafki su haura kogi, galibi kogin da aka ƙyanƙyashe su, har sai sun sami inda ruwa ke gudu da ƙarfi a kan duwatsu masu tsabta. Mace ɗaya takan zuba ƙwai dubu ɗaruruwa, masu danƙo, su manne a jikin duwatsu, iyayen kuma su juya su tafi abinsu. Cikin kusan mako ɗaya ake ƙyanƙyashewa, kuma 'yan kaɗan ne ƙwarai ke kai wa ga girma.

Wannan tsari ya yi wa kifin amfani tsawon zamani, domin macen da za ta yi shekara tamanin ko ɗari tana da dama da yawa ta dace da shekara mai kyau. Sai dai tsarin ya ginu ne a kan cewa babban kifi ba ya mutuwa da wuri. Ranar da aka fara kwasar manyan, babu wata hanya da ƙananan za su cike gurbin da sauri.

Yadda aka karya shi cikin ƙasa da shekara hamsin

Al'ummomin asalin ƙasar, irin su Ojibwe da Odawa da Menominee, sun daɗe suna cin wannan kifi, kuma zuwansa bayan dogon sanyi shi ne abinci mai maiƙo na farko da suke samu a shekara. Masuntan Turawa da suka zo daga baya ba su ɗauke shi da daraja ba. Su abin da suke nema wasu kifaye ne na kasuwa, shi kuwa sitajin idan ya faɗa taru sai ya yayyaga shi da sulkensa. Saboda haka kafin wajen 1860 kashe shi ake yi don a huta: a jibge shi a bakin ruwa ya ruɓe, ko a bai wa aladu, ko a yi taki da shi, har ma akan tara busassunsa kamar itacen girki a zuba a tukunyar jiragen ruwa masu aiki da tururi, saboda yawan man jikinsa.

Daga baya aka gane cewa dukiya ake ƙonawa. A ƙarshen shekarun 1860 wasu 'yan'uwa biyu Jamusawa suka kafa masana'anta a garin Sandusky na jihar Ohio suna banda naman, suna kuma gyara ƙwan da gishiri ya zama kabiya, abincin nan mai tsada da Turai ke saye. Jakar iskar da ke cikinsa ma ta sami kasuwa, domin ana yin wani sinadarin tace abin sha da ita. Nan da nan kowa ya faɗa. A 1885 kaɗai an kwashi sama da tan 2,000 daga Tafkin Erie, kuma kafin shekara goma ta zagayo kamun ya faɗi warwas. A Tafkin Michigan, inda ake samun kusan tan 1,700 a wajen 1880, abin da aka kama a 1928 bai cika tan ɗaya ba. Ƙiyasin da masana suka fi yawan ambatawa shi ne cewa abin da ya rage a Manyan Tafkuna a yau bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na yawansa na da ba.

Kasuwar kabiya ta fi kowace illa, domin manyan mata masu ciki take nema, wato daidai kifayen da aka shafe shekara ashirin da biyar ana jira.

Ta'adin da ya fi taru daɗewa

Da a ce kamun kaɗai ne matsalar, da hana shi ya isa. An hana ɗin a wurare da yawa tun farkon ƙarni na ashirin, amma kifin bai dawo ba, saboda kogunan da zai koma su ma sun lalace. Masu yankan katako sun cika su da dusar katako da ɓawon itace har suka binne duwatsun da ƙwai ke mannewa, masana'antun takarda suka zuba dagwalonsu, masu yashe hanyar jiragen ruwa kuma suka fasa dutsen ƙasan kogi suka kwashe, kamar yadda aka yi a Kogin Detroit a farkon shekarun 1900. Sai kuma madatsun ruwa. Injiniya yana neman wurin da ruwa ke gangarowa da ƙarfi don ya juya injinsa, kifin ma nan yake nema don ya zuba ƙwai, kuma sitajin ba ya iya tsallake bango kamar yadda wasu kifaye ke yi.

Labarin al'ummar Menominee ya nuna abin ƙarara. Kifin yakan baro Tafkin Winnebago ya haura Kogin Wolf har zuwa magangarar Keshena da ke cikin ƙasarsu, inda suke tarbarsa da biki da rawa da addu'o'insu na gargajiya. A 1892 aka gina madatsa a Shawano, aka ƙara wata a 1926, hanya ta toshe, bikin kuma ya mutu tsawon kusan shekara ɗari. Sai a 1993 aka farfaɗo da shi, da kifayen da hukumar albarkatun ƙasa ta Wisconsin ke kawo musu, daga baya kuma aka shiga yarjejeniyar kamo manyan kifaye a ƙasan madatsun a ɗauke su a mota a sake su a sama. Madatsun suna nan har yanzu, don haka kifin da kakanninsa suka yi dubban shekaru suna zuwa Keshena da kansu, yau sai an kawo shi a tanki.

Ko madatsar da ba ta toshe hanya gaba ɗaya ba tana iya yin ɓarna ta yadda ake sarrafa ta. Idan ana sakin ruwa da yawa lokacin da ake buƙatar lantarki, a rage shi idan buƙata ta sauka, ƙwan da ke manne a duwatsun gefe yakan bushe cikin 'yan sa'o'i. A Kogin Sturgeon na arewacin Michigan, da aka sauya tsarin wata madatsa ta koma sakin ruwa daidai yadda yake shigo mata, an ga ƙaruwar manyan kifayen da ke zuwa ƙwai. Wannan gyara ne da ba ya buƙatar rushe komai.

Me ake nufi da "cikin haɗari"?

Yawancin ruɗanin daga nan yake fitowa, domin kalma ɗaya ce ake amfani da ita wa ma'auni uku.

Jerin IUCN ba doka ba ne, ƙiyasin masana ne, kuma yana duba yawan raguwar da halitta ta yi cikin zuriya uku. Ga kifin da zuriyarsa ɗaya ke ɗaukar gomman shekaru, zuriya uku tana mayar da lissafi baya sosai, zuwa kusa da zamanin da aka yi masa kaca-kaca. A sanarwar 2022 ɗin ƙungiyar ta ce dukkan nau'o'in dangin sitajin 26 da suka rage a duniya suna fuskantar barazana, ta kuma tabbatar da ƙarewar wani ɗan'uwansu na Kogin Yangtze a ƙasar Sin.

Dokar tarayyar Amurka ta 1973 kuwa tambayarta daban ce: shin halittar tana dab da ƙarewa yanzu, ko kuwa akwai alamar za ta kai ga haka nan gaba, a duk faɗin mazauninta ko a wani muhimmin ɓangare nasa? Gaba take kallo, kuma duk abin da ya shiga jerinta to kamawa ko kashewa ko cutar da shi ya zama laifin tarayya, sai dai in an yi togaciya ta musamman. Ƙungiyar Center for Biological Diversity mai fafutukar kare halittu ce ta shigar da buƙatar a sanya kifin a 2018. A 2019 hukuma ta ce buƙatar ta cancanci a bincika, da aka ga jan ƙafa sai aka je kotu, kotu ta sa wa'adin 2024, a ƙarshe hukumar ta ce a'a.

Ma'auni na uku na jihohi ne da lardunan Kanada, kowa da dokarsa. New York ta hana kama shi tun 1976, Missouri ta sanya shi cikin masu haɗarin ƙarewa tun 1974, Michigan ta ayyana shi mai fuskantar barazana a 1994. A Kanada kwamitin masana na ƙasa ya raba kifin gida huɗu a nazarinsa na 2017, ya ce na yammacin Tekun Hudson da na kogunan Saskatchewan da Nelson suna cikin haɗari mai tsanani, na Manyan Tafkuna suna fuskantar barazana, na kudancin Hudson kuma abin sa wa ido ne. Saboda haka hukuncin 2024 bai ɗage wa kifin kariyar da yake da ita a jihohi ba. Abin da ya ce kawai shi ne ba za a ɗora masa ta tarayya ba.

Winnebago: inda mai mashi ya zama mai gadi

Wisconsin ta hana kama sitajin gaba ɗaya a 1915, sannan a farkon shekarun 1930 ta buɗe lokacin suka da mashi a ƙarƙashin doka. Yau ana farawa ne ranar Asabar ta biyu a watan Fabrairu, kuma ba ya wuce kwana goma sha shida. Mutum yakan yanka rami a ƙanƙara mai faɗin kusan ƙofar ɗaki, ya jawo wata 'yar rumfar katako marar taga ya ɗora a kai, ya shiga ya rufe. Cikin duhun, hasken da ke ratsa ƙanƙara yakan sa ramin ya yi kore shar, ga wani gunkin kifi da aka sassaƙa yana lilo a igiya don jan hankalin na gaske, ga mashi mai yatsu da yawa a rataye. Akwai masu shekara goma suna wannan zama ba su taɓa ganin inuwar kifin ta gilma ba. Wanda ya dace kuwa dole ya kai kifinsa wurin rajista a ranar, inda ma'aikata za su auna shi, su buɗe ciki su duba mace ce ko namiji, su rubuta.

Wannan rajistar ita ce ƙashin bayan tsarin. Tun 1999 ake sa iyaka daban ga manyan mata, da ƙananan mata, da maza, da nufin kada abin da aka cire a shekara ya wuce kashi biyar cikin ɗari na manyan kifaye, kuma da zarar an kusa cika ɗaya daga cikin iyakokin sai a rufe, ko da kwana nawa aka yi. Sakamakon haka tafkin yana ɗauke da manyan kifaye wajen dubu arba'in, yana cikin mafiya yawa a duniya.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne abin da ke faruwa bayan wata biyu. Idan kifayen suka hauro Kogin Wolf, sukan taru a kan duwatsun da aka jera a gefen kogi, bayansu a waje, suna bugun ruwa da jela, ba sa ko kula da mutum, ta yadda mai mugun nufi zai iya sa hannu ya jawo mace mai ciki. Masu mashin nan su ne suka kafa ƙungiyar Sturgeon for Tomorrow a 1977, suka tara kuɗi don bincike da gyaran wuraren ƙwai, kuma daga cikinsu da maƙwabtansu aka riƙa samun 'yan sa-kai da ke kwana a bakin kogi suna gadin kifin da suke fatan suka wata rana. Wanda ya san yadda mutanen Argungu ke ji da Matan Fada zai gane cewa bikin da ke tara jama'a a kan ruwa yana iya sa su kishin abin da ke cikinsa.

A Tafkin Black na Michigan, inda kifin bai kai haka yawa ba, rabon masu lasisin jiha kifi shida ne kacal a shekara, kuma a 2025 minti goma sha bakwai aka yi aka rufe, alhali ɗaruruwan mutane ne suka yi rajista.

Reno a bakin kogi, da iyakar abin da yake iya yi

Inda kifin ya ƙare ko ya kusa, sai an kawo iri. Missouri ta fara sakin ƙanana a 1984, New York a shekarun 1990, Tennessee a 2000, Georgia a Kogin Coosa a 2002 da ƙwan da aka samo daga Kogin Wolf, gidan namun dajin Toledo na jihar Ohio kuma ya fara a Kogin Maumee a 2018. Amma an lura cewa kifin da aka rena a gidan ƙyanƙyasa mai nisa, cikin ruwan rijiya, yana iya rasa sanin kogin da zai koma, ya bi wasu ya gauraya da irin da ba nasa ba.

Maganin da al'ummar Little River ta Odawa ta fara gwadawa a Kogin Manistee a 2004 mai sauƙi ne. Ana kafa ɗan ɗakin reno a cikin tirela a bakin kogin, ana jawo ruwan kogin da famfo ya ratsa kwatamniyoyi ya koma. Da dare, lokacin da 'ya'yan kifin masu tsawon gaɓar yatsa ke barin duwatsu suna bin ruwa, ma'aikata sukan kafa raga mai ƙananan idanu su tsamo su da fitila a goshi, su kai su ciki. Ana ciyar da su duk tsawon watannin ɗumi, har su kai tsawon tafin hannu ko fiye, sulkensu ya yi kaifin da zai hana manyan kifaye haɗiye su. Kafin sanyi ya shigo sai a sa wa kowane alamar lantarki mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, a tara jama'a, yara da manya kowa ya ɗauki nasa a hannu ya sake shi. Fatan shi ne ƙanshin ruwan da ya girma a ciki ya zauna masa, ya dawo da shi bayan shekara ashirin. An kwaikwayi wannan tsari a koguna da dama, ciki har da na Milwaukee tun 2006.

Sai dai sakin kifi ba shi ne farfaɗowa ba. Ana cewa ya farfaɗo ne idan wanda aka saki ya girma, ya sami inda zai zuba ƙwai, 'ya'yansa kuma suka rayu ba da hannun kowa ba. Alamun haka sun fara bayyana, kuma kowace ta zo ne bayan doguwar jira. A Kogin St. Louis da ke shiga Tafkin Superior an fara saki a 1983, sai a 2011 ma'aikatan al'ummar Fond du Lac ta Ojibwe suka sami 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe a kogin. A Missouri sai a 2015 aka tabbatar da ganin kifin yana ƙwai a Misisipi. A kwarin Kogin Red na Minnesota, inda aka haɗa saki da mayar da ƙananan madatsu zuwa gangaren duwatsu da kifi ke iya haurawa, a 2022 aka ga suna ƙwai a Kogin Otter Tail karo na farko cikin sama da shekara ɗari.

Misalin da ya fi kowane ƙarfi kuwa ba na reno ba ne. A Kogin Rainy da Tafkin Woods, kan iyakar Minnesota da Ontario, da aka tilasta wa masana'antun takarda su daina zuba dagwalo bayan dokokin tsabtar ruwa na shekarun 1970, aka kuma taƙaita kamu, kifin ya dawo da kansa. Ƙiyasin manyansa ya tashi daga kimanin 17,000 a 1990 zuwa sama da 90,000 a 2014.

Hujjar kowane ɓangare

Hukumar tarayya ta kafa hujja da irin waɗannan nasarori, ta ce kifin yana nan a faɗin mazauninsa, kuma a wurare da yawa yawansa ya tsaya ko yana ƙaruwa saboda saki da gyaran koguna da buɗe hanyoyi. Mutanen Winnebago sun goyi bayanta tun kafin ta yanke hukunci, har wasu 'yan majalisar tarayya daga Wisconsin suka gabatar da ƙudurin da zai keɓe jiharsu ko da an sanya kifin a jerin. Tsoronsu a fili yake: idan aka hana mashi, kuɗin lasisi da ke tafiyar da binciken zai tsaya, masu gadin sa-kai za su watse, masu masauki da gidajen abinci da ke cin kasuwa a tsakiyar sanyi za su yi asara, duk a kan kifin da su ne suka fi kowa kula da shi.

Masu ƙorafi kuma suka ce an ɓoye rauni ne a bayan masu ƙarfi. Akwai koguna a kewayen Tafkin Michigan da manyan kifayen da ke zuwa ƙwai a shekara ba su wuce gommai ba, kuma tun da kowane kogi da irin nasa, yawan na Winnebago ba zai maye gurbin na Kogin Kalamazoo ba idan ya ƙare. Abin da suka nema shi ne a auna rukuni-rukuni, kamar yadda Kanada ta yi.

A ganina kowane ɓangare ya faɗi gaskiya game da kogin da yake kallo. Babu dalilin hana Winnebago abin da ya tabbata yana aiki, amma hukuncin da ya dogara da cewa ana saki ana kuma gyara ya jingina ne a kan aikin da ba a gama ba, wanda kuma kasafin kuɗi ɗaya zai iya tsayar da shi. Yawancin shirye-shiryen saki an tsara su ne na shekara ashirin zuwa ashirin da biyar, domin sai an tara kifaye masu shekaru daban-daban daga iyaye daban-daban kafin a sami al'ummar da za ta tsaya da ƙafarta. Wanda aka katse a shekara ta takwas ya bar kogi da tsirarun 'yan'uwan juna.

Abin da ya shafi mutanen bakin ruwa

Ga mai kamun kifi na nishaɗi, hukuncin bai sauya komai ba: a yawancin wurare idan sitajin ya kama ƙugiyarsa dole ya sake shi nan take, a wasu 'yan wurare kuma yana iya ɗaukar ɗaya a shekara da takardar izini. Ga al'ummomin asali magana ce ta haƙƙin da yarjejeniyoyinsu da gwamnati suka ba su, shi ya sa a Tafkin Black ake raba adadin da aka yarda a cire tsakanin jiha da ƙabilu biyar. Ga mai biyan kuɗin lantarki kuwa, tsadar buɗe wa kifi hanya takan shigo ne lokacin da kamfani ke sabunta lasisin madatsarsa. A Kogin Menominee da ke kan iyakar Wisconsin da Michigan, tun 2015 akwai na'urar da ke ɗaga kifin daga ƙasan madatsa cikin babban kwando na ruwa, a tantance shi, a wuce da shi gaban madatsa ta biyu.

Akwai kuma matsalolin da ba su da mai laifi ɗaya. Maganin da ake zubawa a koguna don kashe wata baƙuwar halitta mai kama da maciji da ke tsotson jinin kifaye yana iya kashe ƙananan sitajin, don haka sai an daidaita lokaci da yawan maganin. Duwatsun da aka jera a Kogin Detroit da na St. Clair tun 2004 don maye gurbin waɗanda aka kwashe sun jawo kifin ya zuba ƙwai a kansu, amma wasu yashi ya binne su, sai an riƙa gyara. Ɗumamar yanayi ma tana taɓa lokacin da ruwa ke kai zafin da kifin ke jira, tana kuma taɓa ƙanƙarar da al'adar mashi ta dogara a kai, domin a 2024 soke kamun Tafkin Black aka yi saboda ƙanƙarar ba ta yi kaurin ɗaukar mutane ba.

Kifayen da aka fara saki a Kogin Maumee a 2018 har yanzu ƙanana ne a lissafin irinsu. Mazan za su fara hauro kogin a shekarun 2030, matan kuwa sai wajen 2040, kuma a lokacin ne ma'aikacin da ke tsaye a bakin ruwa da na'urar karanta alama zai san ko renon ya yi aikinsa.